WA ZAI JE WURIN MAI CIWO?

Ya mai karatu, can gabas mai nisa, a tsakiyar teku, akwai wata ƙasa ana ce da ita Filifin. Tsibirai ne fiye da 7,000, mutanenta sun wuce miliyan 100. Babban birninsu Manila ne. Da yawa daga cikinsu manoma ne da masunta, talakawa kamar mu.

Ƙasar nan ta yi suna wajen koyar da aikin jinya. 'Ya'yanta su na aiki a asibitocin Amurka, da Ingila, da Saudiyya, gama albashin can ya fi na gida nesa. Ba mu ga laifinsu ba, da kuɗin da su ke aikowa iyali ke ci. Amma a ƙauyuka da ƙananan tsibirai an bar masu tarin fuka, da mata masu ciki, da yara masu zawo, mai duba su kuwa ya yi ƙaranci.

Ran 8 ga watan Nuwamba 2013 duniya ta gani. A ranar nan wata babbar guguwa mai suna Haiyan ta faɗa wa birnin Takloban a tsibirin Leyte. Teku ya hau tudu, ya share gidaje. Mutum fiye da 6,000 su ka mutu a ƙasar. Asibitoci su ka lalace, ba wuta, ba ruwan sha.

Sai ga masu jinya, waɗansu 'yan ƙasa, waɗansu baƙi, sun zo don kansu, ba don albashi ba. Mene ne aikinsu? Su wanke raunin da kwanon rufi da ƙusa su ka yi. Su yi allurar rigakafi. Su karɓi haihuwa a cikin tanti. Su kwashe amai da kashi. Su koya wa uwa ta dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ta riƙa ba ɗanta mai zawo. Baƙo ya kan koma gida bayan 'yan makonni, amma abin da uwar ta koya ya zauna.

Ka lura da hanyoyi biyu. Ɗaya ta nufi inda kuɗi ya ke. Ɗaya ta nufi inda mai ciwo ya ke kwance.

A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 10, Yesu ya ba da misalin mutumin da 'yan fashi su ka yi wa rauni a hanyar Yariko. Malaman addini biyu su ka gan shi, su ka ratse. Baƙo ne, Basamariye, ya tsaya. Ya ɗaure raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa. Bai tambayi kabilarsa ba.

Haka Ubangiji Yesu kansa ya yi mana. Ya bar ɗaukakarsa ya sauko wurinmu, mu da zunubi ya kayar. Ya taɓa kuturu da hannunsa. Ya biya bashinmu da jininsa a kan gicciye. Aikin jinya ba ya sayen ceto, ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya. Amma wanda aka ji tausayinsa, yaya zai ratse ya bar ɗan'uwansa?

Ku iyaye, idan 'yarku ko ɗanku ya gama koyon jinya, ya ce Allah ya na kiransa wurin matalauta, me za ku ce? Za ku sa masa albarka, ko za ku fara lissafin albashin da za ku rasa? Wannan tambaya mai nauyi ce ga gidan da rumbunsa ba ya kai kaka. Ku kai ta gaban Ubangiji cikin addu'a.

Kai kuma da ba za ka taɓa ƙetare teku ba, akwai mai ciwo kusa da kai. Ka ɗebo masa ruwa. Ka wanke masa tufafi. Ka kai shi asibiti da amalankenka tun ciwon bai yi tsanani ba. Kada ka bari sai gobe.

Ya Ubangiji, ka taimaki matalautan Filifin da masu yi musu jinya. Ka ba mu zuciyar da ba ta ratse wa mai ciwo. A cikin sunan Yesu. Amin.