Tukwici Ma Dukiya Ce, a Riƙa Lissafa Shi



'Yan'uwa masu neman halal a Kasuwar Kure, maganata yau a kan tukwici ce. Ɗan abin nan da Hajiya ke miƙa wa yaron da ya kai mata buhun shinkafa bakin titi, da canjin da ake bar wa yarinya mai zuba abinci, da "ga na ruwa" da ake ba mai turin baro. Halal ne, Allah Ya sa albarka. Sai dai da yawanmu ba ma ɗaukarsa dukiya. Ya shigo da hantsi, kafin magariba ya ƙare, mai shi bai san ko nawa ba ne. Alhali ranar hisabi za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta, kuma ba a keɓe ƙananan kuɗi ba.

Ga misali: a Amurka, ma'aikacin gidan abinci da ya sami tukwicin dala 20 ko fiye a wata, dole ya rubuta wa mai gidansa zuwa ranar 10 ga watan gaba. Daga ciki ake cire kashi 6.2 cikin ɗari zuwa asusun tsufa na gwamnati, mai gida ya ƙara kwatankwacinsa. Wanda ya ɓoye yana ganin ya yi wayo, amma da abin da aka rubuta ake auna fanshonsa. Kansa ya cuta.

A nan gida, dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, mai aiki ya zuba 10, amma tilascin yana kan ma'aikatu masu mutum 15 ko fiye. Yaron shago da ɗan dako suna waje. Duk mun san dattijan da suka ƙarar da ƙarfinsu a ɗaukar kaya, yau gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, suna zaune bakin masallaci suna jiran mai tausayi. Wallahi abin nan yana sosa mini rai, domin kuɗi sun ratsa hannunsu, ba a dai riƙe komai ba.

Ƙofa kuwa a buɗe take. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu a ƙarƙashin hukumar PenCom. Kana zuba abin da ya sawwaƙa, wani kaso za ka iya cira in lalura ta taso, sauran ya jira tsufa. Mai gudun kuɗin ruwa, kuma gudunsa wajibi ne, tun 2021 akwai wani asusun fansho, asusu na shida, da ba ya mu'amala da riba. Kada wani ya ce tanadi rashin tawakkali ne. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ba da shawarar a adana hatsin shekara bakwai na yalwa saboda bakwai na fari.

Kai kuma Alhaji mai shago, ka ji tsoron Allah. Kada ka ce "ai yana samun tukwici" ka rage wa yaronka ladan aikinsa, balle ka sa hannu a abin da aka ba shi. Wannan tauye mudu ne, kuma ka san narkon da Suratul Muɗaffifina ta yi. In hukuma ta tambayi abin da kake biya, faɗi gaskiya. Kai ma yaro, tsoron haraji ba ya halatta ƙarya. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu.

Don Allah, ɗan'uwa, ka sayi ƙaramin littafi yau. Kowace yamma ka rubuta abin da aka ba ka, ka fitar da sadaka, ka ware na tsufa kafin ka taɓa sauran. Shugabannin kasuwa, ku gayyato ma'aikatan fansho su yi wa yaranku bayani da Hausa. Allah Ya ba mu ikon aikatawa.