Ɗingishin kwikwiyo ba aikin maɗori ba ne

A Tambuwal da Kebbe kare ma'aikaci ne: yana bin mafarauci daji, yana gadin garke da gona. Malaman Malikiyya sun halatta ajiye shi don waɗannan ayyuka, kuma wanda ya ajiye dabba, cinta da lafiyarta suna wuyansa. Yanzu ga ƙananan karnukan waje irin su Pomeranian da Lhasa sun fara shigowa gidaje daga birane, kuma sun zo da lalurarsu.

Alamar ba ta ɓuya. Kwikwiyo na cikin gudu sai ya ɗage ƙafar baya, ya yi taku uku ko huɗu, ya shure ta, ya ci gaba kamar ba komai. Mai gida ya ce ƙaya ce ko targaɗe. Sau da yawa ƙoƙon gwiwa ne ke gocewa daga gurbinsa, galibi zuwa ciki. Gurbin ba shi da zurfi, jijiyar da ke riƙe da ƙoƙon kuma tana ja a karkace. Idan kare ya girma a haka, ƙashin ƙwauri yakan murɗe, ƙafar ta yi baka, amosanin gaɓɓai ya biyo baya. Likitoci sun kasa ciwon mataki 4. A na farko ƙoƙon yana komawa da kansa. A na huɗu ko da hannu ba ya komawa, murɗewar tana iya kai digiri 90, sai tiyata.

To, jama'a su ji tsoron Allah su daina ɗaure irin wannan ƙafa da kara da tsumma. Babu ƙashin da ya karye, ɗaurin kuwa yana iya toshe jini har ƙafar ta ruɓe. Su kuma daina ɗura wa kare ibuprofen ko diclofenac na mutane, domin suna jawo masa gyambon ciki, suna lalata ƙoda.

Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne zangon farko. Idan ana buƙatar hoton ƙashi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Masu sayar da 'yan kwikwiyo ne suka fi ɗaukar alhaki, don ciwon yana bin jini. Karen da ke da shi bai kamata a bar shi ya hayayyafa ba, komai tsadarsa. Mai saye kuma ya sa a saki kwikwiyon ya yi gudu a gabansa kafin ya miƙa kuɗi.