AIKIN DA BA A BIYA, WAJIBI NE A YI SHI DA KYAU?

Ya kai mai karatu, ga tambaya. Aikin da babu mai biyan ka, babu mai tilasta maka, wajibi ne ka yi shi da kyau? Kahin ka amsa, ji labarin waɗansu mutanen Ingila.

Jirgin ƙasa na da, irin wanda ya iso Kano a 1911, da wuta da ruwa yake tahiya. Ana hura kwal, wato gawayin ƙasa, a tahwasa ruwa cikin tukunya ruhwahhiya. Lita 1 ta ruwa tana ba da tururi sama da lita 1600. Tururin nan shi ke tura ƙarhen da ke juya ƙahwahun jirgi.

A 1968 Ingila ta daina aiki da irinsa bisa manyan hanyoyinta. Amma har yau akwai masu ƙera ƙanana da hannunsu, don sha'awa kawai. Wani bai hi akuya girma ba. Hwaɗin hanyarsa santimita 9, ko 13, ko 18. Direba ya zauna kan ƴar amalanke bayansa, yara su zauna bayan direba, jirgi ya ja su duka.

Ƙera guda yakan ci shekaru. Koyon tuƙi kuma wani aiki ne dabam. Sabon shiga gani yake yawan kwal shi ne ƙarhi, sai ya cika murhu, wuta ta shaƙe. Tilas ya koyi sa kaɗan kaɗan. In ya ɗura ruwan sanyi da yawa, tururi ya ragu, jirgi ya tsaya. In ya manta da ruwa, wuta ta ci jan ƙarhen tukunya, ta lalace, tana ma iya hwashewa. Don haka idonsa ba ya barin ƴar kwalbar da ke gwada tsawon ruwa.

Kunnensa ma yana aiki. Mahi yawansu, in ƙahwa ta juya sau 1, jirgi yakan yi huci sau 4. In huci guda ya yi ɗingishi, gwani ya san akwai gyara. Sai ya kwance, ya daidaita, ya sake gwadawa. Ƙungiyoyinsu kuma ba su yarda a hura wuta cikin jama'a sai an gwada tukunya an ba ta takardar shaida.

Wani zai ce: "Wannan wasan masu ƙoshi ne." Da gaskiyarsa. Wanda rumbunsa ba hatsi, bai kamata ya ɓata lokaci da kuɗi wajen wasa ba. Haƙƙin iyali shi ne gaba.

Amma lura da wani abu. Babu wanda ya ce lalle ka ƙera jirgi. Ka yi ko ka bari, ruwanka. Ranar da ka hura wuta, ka ɗora ɗiyan mutane bayanka, zaɓi ya ƙare, amana ta shigo. Wuta ba ta san wasa ba. Tururin ƙaramar tukunya yana ƙona hwata kamar na babba. In yaro ya ƙone, za ka ce wa uwarsa ai ba a biya ka ba?

Aikin kuɗi, tsoron mai gida yana iya sa ko malalaci ya yi shi da kyau. Aikin da ba mai duba ka, nan ake ganin halinka.

To, duba naka. Gayya ce, ko gyaran rijiyar gari, ko ɗaurin amalanken maƙwabci? In ba ka iyawa, ka ce ba ka iyawa, ba laihi ba ne. In ka sa hannu, ka yi shi kamar ɗanka ne zai hau.