Ɗan Gida Mai Zaɓen Bare: Riƙon Amana ne ko Cin Amana?

Akwai wata magana da kunnuwanmu suka saba da ita a duk lokacin da kakar zaɓe ta kama. A majalisar ƙofar gida ne, ko a teburin mai shayi, ko a filin siyasa na gidan rediyo, za ka ji mutum ya gyara murya ya ce: "Ni fa ɗan jam'iyya kaza ne na a-mutu, a cikinta na buɗe ido, a cikinta kuma za a kai ni kushewa. Amma a wannan karon, wallahi ɗan takarar waɗancan zan zaɓa." Kafin ya rufe baki wuri ya kaure. Wasu su ce munafiki ne, angulu da kan zabo, ɗan anti fati. Wasu kuwa su ce ai wannan shi ne namijin duniya, wanda ya fifita cancanta a kan son kai. Mu a nan so muke mu zauna da wannan magana a tsanake, mu juya ta ciki da bai, ko ma gane inda gaskiyarta take da inda take yoyo.

Da farko dai bari mu kawar da abin da babu gardama a kansa. Ƙuri'a ta mai ita ce. Katin jam'iyya bai mallaka wa kowa ɗan yatsan wani ba, kuma dokar ƙasa ba ta ce don ka yi rajista da jam'iyya sai ka zaɓi duk wanda ta tsayar ba. Mai son ya yi "sak" daga sama har ƙasa ya yi, mai son ya dafa shinkafa da wake shi ma ya dafa. Saboda haka matsalarmu ba ta ga rabin maganar na biyu, wato "wane zan zaɓa". Tana ga rabin farko. Me ya sa mutumin bai tsaya ga faɗin wanda zai zaɓa kawai ba, sai da ya fara shimfiɗa mana tarihin biyayyarsa?

Amsar ita ce, ya san Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan hamayya ya soki ɗan takara, ba wanda zai ɗaga kai, domin aikinsa ke nan. Amma idan ɗan gida ya soke shi, sai kowa ya kasa kunne, a ce lallai akwai abin da ya gani. Ashe ke nan mai wannan magana shaida yake bayarwa a gaban jama'a, kuma shekarun da ya yi yana biyayya su ne kuɗin da yake sayen amincewarmu da su. Wanda kuwa aka miƙo wa kuɗi yana da damar ya ɗaga su sama ya duba, ko na gaske ne ko jabu.

Mu ɗauki misalin da mutanen Kano ba za su manta ba. A watan Disamba na 1991 aka yi zaɓen gwamnoni a ƙarƙashin jam'iyyu biyu da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro, SDP mai doki da NRC mai tsuntsu. Kowa ya san ƙasar Kano ta doki ce, domin a can magadan NEPU da PRP suka taru. Amma rikicin fitar da ɗan takara ya raba gidan, har ta kai mutanen Santsi, magoya bayan Alhaji Abubakar Rimi, suka juya wa Injiniya Magaji Abdullahi baya, suka mara wa Kabiru Gaya na NRC. Gaya ya zama gwamna, alhali SDP ce ke da rinjaye a majalisar dokokin jiha. Don a tabbatar cewa Kanawa ba su bar doki ba, da aka zo zaɓen 12 ga Yuni 1993 sai ga Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta haihuwa. Irin wannan ta faru a Legas a zaɓen na 1991, inda rabuwar kan 'yan SDP ta ba Michael Otedola na NRC kujerar gwamna.

To, waɗannan dubban mutane da suka zaɓi tsuntsu suna rantsuwa su 'yan doki ne, me za mu kira su?

Mai kare su zai ce, kuma yana da hujja, jam'iyyar da ake zargin sun ci amanarta shekararta biyu kacal a duniya, soja ne ya raɗa mata suna, ya gina mata ofis, ya rubuta mata manufa. A ƙasar nan ma ai masu zaɓe sun fi jam'iyyu tsawon rai. An kafa NEPU a 1950, soja suka rushe ta a 1966. PRP ta zo a 1978, juyin mulkin ƙarshen 1983 ya tafi da zamaninta. SDP ba ta wuce 1993 ba. PDP ta 1998 ce, APC kuwa ta 2013. Dattijon da aka haifa a 1940 duk ya ga haihuwarsu. Idan irin wannan dattijo ya ce "tun ina yaro nake ciki", abin da yake nufi shi ne gidan siyasa da aƙidar da ya tashi a kai, irin wadda aka ɗaure iyaye saboda ita a zamanin En'e. Jam'iyya a wurinsa riga ce da aƙida ke sakawa, in ta yage a sake wata. In kuwa haka ne, ranar da ya ga an saka wa wanda bai yarda da shi ba rigar, ƙin binsa na iya zama cikar biyayya.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta wanke kowa ba. Jam'iyya ba riga ce kawai ba, alkawari ce tsakanin mutane. Duk wanda ya shiga zaɓen fitar da gwani ya shiga ne bisa sharaɗin cewa in nasa ya ci a bi shi, in na wani ya ci shi ma ya bi. Wanda ke karɓar sharaɗin ranar da ya yi nasara, ya yi fatali da shi ranar da ya faɗi, ai bai taɓa yarda da shi ba tun asali. Sannan akwai tambayar da ba ma son yi wa kanmu: shin nawa ne daga cikin masu irin wannan zaɓe suka zauna suka auna 'yan takarar da kansu? Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne an ɓata wa maigida rai, maigida ya yi nuni da ido, yara suka juya. Wannan mutum bai ci amanar kowa ba a ganinsa, domin dama can biyayyarsa ga maigidan take, jam'iyya inuwa ce kawai da suka fake. Laifinsa ɗaya, da ya tashi magana sai ya ce mana aƙida ce, alhali haushin kaza ne ake hucewa a kan dami.

Don haka abu na farko da ya kamata mu nema daga mai wannan iƙirari shi ne ya faɗi dalilinsa da sunansa. In maguɗi aka yi a zaɓen fitar da gwani, ya ce maguɗi aka yi. In ɗan takarar ne ya san shi da cin dukiyar jama'a, ya faɗa, kuma ya yarda a auna wanda ya koma wa da wannan mudun. Dalilin da ba zai iya fitowa rana ba, da wuya ya zama na Allah da Annabi.

Abu na biyu shi ne a fili aka yi ko a ɓoye. Zaɓen 1991 na ƙato bayan ƙato ne. Wanda ya yi niyyar barin layin doki sai ya taka da ƙafarsa ya shiga layin tsuntsu, maƙwabcinsa na kallo, surukinsa na kallo. Ko me za a ce da shi, ba a ce ya yaudari kowa ba. Ba muna cewa a koma wa wancan tsari ba ne, domin ƙuri'ar sirri rahama ce ga talaka, ita ke kare ɗan haya daga mai gida, ta kare lebura daga mai ba shi aiki. Talakan da ya shiga akwati ya dangwala wa wanda ransa ya kwanta da shi, ya fito ya yi shiru, ba wanda yake binsa bashin bayani. Wanda muke magana a kansa daban ne: mai saka hular jam'iyya da rana, ya karɓi kuɗin yaƙin zaɓe, a naɗa shi wakilin akwati, da dare kuma ya bi gida gida yana zagon ƙasa. Wannan an ba shi amana hannu da hannu ya ci, kuma babu wata aƙida da za ta wanke shi.

Abu na uku shi ne a san abin da mai maganar ya samu ko ya rasa. A nan yana da kyau mu leƙa Amurka, inda manyan jam'iyyun biyu suka haura shekara 150, har mutum zai iya cewa a cikin jam'iyya aka haifi kakansa kuma ya yi gaskiya. A can tuni 'yan siyasa suka gane darajar shaidar ɗan gida, har suka mai da ita makamin yaƙin zaɓe. A 1972 John Connally, tsohon gwamnan Texas na jam'iyyar Democrat, ya jagoranci ƙungiyar 'yan Democrat masu goyon bayan Shugaba Nixon na Republican. Amma kafin nan ya riga ya riƙe wa Nixon muƙamin sakataren baitulmali, kuma a 1973 ya tattara ya koma Republican ɗungurungum. A ɗaya gefen ga Liz Cheney, 'yar gidan Republican gaba da baya, wadda saɓaninta da Donald Trump ya jawo mata rasa muƙaminta na shugabanci a majalisa a 2021, ta rasa tikitin kujerarta a 2022, sannan a 2024 ta fito ta goyi bayan Kamala Harris. A gida Nijeriya kuwa mun ga gwamnonin PDP biyar da suka ƙi yi wa Atiku Abubakar aiki a zaɓen 2023, bisa hujjar cewa bai dace ɗan takara da shugaban jam'iyya duk su fito daga Arewa ba. Jagoransu Nyesom Wike ya karɓi muƙamin ministan Abuja a gwamnatin APC a watan Agusta na shekarar, yana mai cewa shi har a lokacin ɗan PDP ne.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk wanda ya yi asara shi ke da gaskiya, ko duk wanda ya samu riba maƙaryaci ne. Mutum na iya shan wuya a kan kuskure, wani kuma ya faɗi gaskiya ta zo masa da alheri. Abin da muke cewa shi ne, alƙali ma kafin ya karɓi shaida yakan tambayi dangantakar mai shaidar da masu shari'a. Mai sauraro yana da haƙƙin ya san ko wanda ke ce masa "ni ɗan gida ne" ya riga ya kai kayansa gidan maƙwabta.

Akwai kuma wanda bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba sai don yawansa, wato wanda bai taɓa zama ɗan jam'iyyar ba ko na yini guda. An ɗauke shi haya ne, a rediyo ko a Facebook, ya ari bakin ɗan gida ya ci wa masu biyansa albasa. Wannan shaidar zur ce tsagwaronta. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga ɗan takarar da ya soka ba, domin shi ne ke sa ranar da ɗan gida na gaskiya ya fito da kuka na gaskiya, jama'a su taɓe baki su ce an biya shi.

Saura tambaya guda: har sau nawa mutum zai zaɓi bare ya ci gaba da kiran kansa ɗan gida? Sau ɗaya jan kunne ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma wanda ya yi zaɓe uku a jere bai dangwala wa jam'iyyarsa ba, ya kamata ya gaya wa kansa gaskiya cewa ya tashi daga gidan, saura kawai ya mayar da makulli. A nan Rimin da muka ambata ɗazu ya bar misali mai kyau tun a 1983. Da ya bar PRP ya koma NPP, sai ya sauka daga kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya shiga zaɓe da sabuwar rigarsa, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Ya rasa mulki, amma ba wanda ya ce bai san inda ya tsaya ba.

Su ma shugabannin jam'iyyu da ke saurin kiran kowa munafiki, ya kamata su tuna sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jam'iyyar da ta mai da ɗauki-ɗora al'ada, ta hana 'ya'yanta zaɓen wanda suke so a cikin gida, ita ta fara karya alkawarin, kuma bai kamata ta yi mamaki ba in sun rama a akwati.

Mu marubuta kuwa, wannan batu ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, a yawancin ƙagaggun labaranmu ɗan siyasa ko dai mala'ika ne ko shaiɗan, alhali ga mutum nan a unguwarmu da ya kwana bai yi barci ba, yana tunanin hoton jam'iyyar da mahaifinsa ya rataye a zaure da kuma ɗan takarar da zuciyarsa ta ƙi. Wannan mutum ya isa a gina littafi a kansa, ba tare da an yanke masa hukunci tun a shafin farko ba. Ta biyu, kalmomi su ne jarinmu. Idan muka bari "aƙida" ta zama sunan haushi, "cancanta" ta zama sunan kwangila, "biyayya" kuma ta zama sunan bin maigida ido rufe, to wata rana za mu nemi kalmar da za mu yabi mutumin kirki da ita mu rasa.

Allah Ya sa mu faɗi gaskiya ko da a kan gidanmu ne, Ya kuma kare mu daga shaidar zur.