Wutar Allah Takan Fara da Leɓe

Karatu: Ishaya 6:1-8, 2 Tarihi 26:16-21
Ayar haddacewa: 1 Bitrus 1:16

Ƙaunatacce, karatunmu na yau ya nuna mana mutum biyu a gaban tsarkin Allah, sarki da annabi.

Sarki Uzziya ya hau gadon sarautar Yahuza yana ɗan shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Allah ya ba shi nasara. Amma da ya yi ƙarfi sai girman kai ya kama shi, ya kutsa cikin Haikali don ya ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci kaɗai. Azariya da firistoci 80 suka tsawata masa, ya husata. Nan take kuturta ta fito masa a goshi, kuma da ita ya mutu.

A shekarar da Uzziya ya rasu ne Ishaya ya ga Ubangiji zaune a kan kursiyi. Serafim suna rufe fuskokinsu da fikafikai, suna kiransa Mai Tsarki har sau uku. Ka lura, waɗannan halittu ba su taɓa yin zunubi ba, duk da haka ba su iya dubansa. Tsarkin Allah ya wuce rashin aibi kawai. Shi dabam yake, ba shi da na biyu, ba a kuma kusantarsa yadda aka ga dama.

A sura ta 5 Ishaya ya yi ta furta kaito a kan mashaya, da masu haɗama, da masu cin hanci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma da ya ga Ubangiji, sai kaiton ya dawo kansa, ya furta cewa leɓunansa ƙazantattu ne. Rigar da ka ga fara fat a hasken fitilar ƙwai, bari rana ta fito ka sake dubawa.

Ga albishir: Allah bai kore shi ba. Aka ɗauko garwashi daga bagade, aka taɓa bakinsa, aka kawar da laifinsa. Daga wurin hadaya tsarkakewa ta fito, kamar yadda tamu ta fito daga gicciyen Yesu Kristi. Sai bayan wannan ne Ishaya ya ji kira, ya ce a aike shi.

Muna son wuta. Muna kwanan addu'a muna roƙon shafewa da iko, kuma daidai ne. Amma Ruhun da muke kira, sunansa Mai Tsarki. Bakin da ya yi harsuna ran Lahadi, shi ne yake rantsuwar ƙarya a kasuwa ran Litinin? Shi ne yake yaɗa tsegumin 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙa? Wanda yake neman ikon Allah alhali yana gudun tsarkinsa, hanyar Uzziya ya kama.

Yau, kafin ka roƙi kome, ka faɗa wa Ubangiji zunubinka da sunansa. Idan akwai wanda bakinka ya cuta, ka neme shi kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba Mai Tsarki, ba ni da abin fariya a gabanka. Ka taɓa leɓunana, ka wanke ni da jinin Ɗanka, sa'an nan ka aike ni. A cikin sunan Yesu, Amin.