YARON DA AKA AIKO SHAGONKA, WA ZAI TSAYA MASA?



A Kantin Kwari da ke Kano, in ka wulaƙanta mai saye, taku biyu zai yi ya shiga shagon maƙwabcinka. A unguwannin Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar kuwa, sau da yawa tireda ɗaya ce ko biyu. Ka ɗaure fuska ko ka sake ta, gobe ma wajenka za a dawo. To idan kyautatawa ba za ta ƙara maka ciniki ba, shin tana kanka?

Tana kanka, domin haƙƙin mai saye ce tun kafin ta zama dabarar kasuwa.

Dubi wanda ya fi zuwa gabanka. Yaro ne ƙarami, uwarsa tana cikin gida, ta damƙa masa kuɗi. Bai san farashi ba, bai iya ƙirga canji ba. Shi ake bari a tsaye da zarar Alhaji ya faka babur. Shi ake miƙa wa ƙullin sukarin da aka rage, a cike masa canji da alawa ba tare da yardar mai kuɗin ba. Uwar nan ba za ta fito ta yi maka ƙorafi ba, amma Wanda ya ga komai ba Ya buƙatar a kai Masa ƙara.

Tauye mudu da sikeli na cikin abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS). Muslim kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa kan ɓoye aibin. Ku lura, ba wanda ya kawo ƙara ranar.

Za ka ce: "Malam, tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Gumel ko kasuwar Alhamis ta Maigatari ya hau, littafin bashi kuma ya cika." Gaskiya ne. Ka ƙara farashi a fili gwargwadon yadda ka saro, wannan halal ne. Rage awo a ɓoye shi ne haramun. Wanda ya ci bashinka, yana da halin biya yake maka kwana-kwana, shi ma zai amsa nasa. Amma kada ka huce a kan yaron da bai ci maka komai ba.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba a saro ta. Gobe in ka buɗe shago, ka auna wa yaron nan kamar babansa na tsaye a bayansa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana.