Barkono a Kan Kanta: Wa Ke da Alhakin Abin da Aka Raba da Ƙasarsa?

Yau ina so mu yi nazari a kan wata 'yar shuka.

A Amurka da Turai, inda hunturu ke hana noma watanni da dama, akwai masu shuka barkono a kicin, a kan kanta, ba tare da ƙasa ba. Saiwar tana cikin ruwan da aka narka wa taki, ƙaramin famfo na juya ruwan, fitilar lantarki kuma tana haskawa awa 14 zuwa 16 kullum a madadin rana. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya, William Gericke, shi ya yayata sunan wannan noma, haidurofonik, a 1937. Shi kansa barkonon ɗan asalin nahiyar Amurka ne; sai bayan 1492 ya bazu a duniya har ya iso tukunyarmu.

To, ga tambayata: daidai ne mu ciro mai rai daga muhallinsa don amfanin kanmu?

Wata za ta ce ai gata aka yi masa: ba fari, ba ciyawa, ba akuya. Gaskiya ne. Amma duba abin da ya rasa. A gona, iska da ƙudan zuma ke girgiza furen barkono har ya ɗaura 'ya'ya. A ɗaki babu su, sai mai shukar ta girgiza reshen da hannunta, ko ta bi fure ɗaya-ɗaya da ɗan burushi. In ta yi sakaci, furen ya kaɗe a banza. A ƙasa, saiwa kan nutsa ta nemo danshi. A roba kuwa, in ruwan ya ƙafe, ba ta da inda za ta nufa.

Kin ga ke nan, ciro shi ba laifi ba ne, amma wadda ta ciro shi ta ɗauki aikin rana da ruwan sama da iska a kanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu mu dawo gidajenmu. Yarinyar da kika ɗauko daga ƙauye, ko riƙo ko aikatau, fa? A can tana da uwa, da kaka mai rarrashi, da ƙawayen wasan dandali. Ranar da ta shigo gidanki, duk ta baro su. Sai ki ji mace na cewa, "Ai ina ba ta abinci da sutura." Wannan ruwa da taki ne kawai, 'yar'uwa. Ina hasken? Tana zuwa makaranta kamar 'ya'yanki? In ba ta da lafiya wa take gaya wa? Yaushe rabon ta da ganin uwarta?

Ban ce kada a yi riƙo ba. Da yawanmu riƙo ne ya kai mu inda muke. Abin da nake cewa shi ne, gwargwadon yadda wani ya dogara da ke, gwargwadon nauyinsa a wuyanki. Wadda ba za ta iya girgiza reshe kullum ba, gara ta bar barkono a gonarsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.